Wata Bakwai Ina Gina Shafin da Ba Shi Ake Bukata Ba

Ina da shekara ashirin da shida lokacin da wannan abu ya faru. Na gama karatun kwamfuta na dawo gida Funtuwa, na kama ɗan shago kusa da tasha ina zana katin ɗaurin aure da fastar talla da tambarin masu ƙananan sana'o'i. Na iya gina shafin intanet ma, sai dai ban taɓa yi wa kowa na gaske ba, duk na gwaji ne. A lokacin gani nake in dai hannu ya ƙware to an gama, sauran duk surutu ne. Na rubuto ne saboda masu irin sana'ata, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Mahaifina yana da wani amini a Malumfashi, wani Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi. Yana sayen masara da dawa da waken suya a hannun manoman ƙauyuka, ya tara a sito, ya yi lodi zuwa kudu. Sun haura shekara talatin tare. Wata rana a farkon damina ya zo gidanmu, mahaifina ya kira ni na durƙusa na gaishe shi. Alhaji ya ce ya ji ina aikin kwamfuta, yana so in yi masa shafi kafin kaka, domin harkarsa ta tafi da zamani. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mahaifina ya amsa tun kafin in buɗe baki, ya ce ai an gama. Ni kuma na ce to Baba, in sha Allahu.

Akwai tambayoyi a bakina ranar. Wa zai riƙa shiga shafin, me zai nema a ciki, wace matsala ake so ya magance. Ban yi ko ɗaya ba. Na ga kamar rashin kunya ne yarinya ta tsare aminin mahaifinta da tambayoyi, balle ta miƙa masa takarda ta ce ya sa hannu. Amma in zan faɗi gaskiya, ba kunya ce kaɗai ba. Ina ɗokin in gina wani babban abu da zan riƙa nuna wa mutane, kuma na riga na zana shi a raina tun Alhaji bai tashi daga tabarma ba.

Alhaji ya haɗa ni da babban ɗansa, wanda ke kula da lodin motoci, ya ce duk abin da nake bukata in neme shi. Na fara da tarihin kasuwancin, da hotunan kaya, da adireshi. Da na nuna masa sai ya ce ya yi kyau, amma ai babu tambari. Na zana tambari. Ya ce tunda an yi tambari, a ɗora shi a jikin buhu. Daga buhu aka koma kalanda, daga kalanda aka koma allon ƙofar sito. Sai ya ce shafin ya zama da Hausa da Turanci, bayan mako biyu ya ce a ƙara Faransanci saboda masu zuwa daga Nijar. Daga baya ya ga wani shafi a wayarsa inda mai saye ke zaɓar kaya ya biya nan take, ya ce mu ma haka yake so. Kowane lokaci cewa yake ɗan ƙaramin abu ne, ba zai ɗauke ni kwana biyu ba. Ni kuma ba ni da abin da zan nuna in ce wannan ba ya cikin aikin da muka yi magana, domin ba mu taɓa faɗin abin da ke cikinsa ba. Launin tambarin kaɗai sai da na canza shi sau tara. Sau uku ina hawa mota zuwa Malumfashi ɗaukar hoton buhuna iri ɗaya.

A wannan tsakanin na riƙa mayar da masu kawo mini aikin kati, ina cewa su dawo mako mai zuwa. Da yawansu ba su dawo ba. Mahaifina kuwa duk Juma'a sai ya tambaye ni ina aka kwana, in ce saura ƙiris. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin, domin ni kaina ban san inda ƙarshen aikin yake ba. Aka yi girbi, aka sussuke masara, kasuwa ta cika ta fara raguwa, ina nan ina gyaran rubutun Faransanci.

A wata na bakwai na ɗauki kwamfutata na tafi nuna wa Alhaji. Muka zauna a ɗan ofishinsa na bakin sito, ni da shi da ɗansa. Ya kalli komai a natse, ya yaba hotunan, ya ce tambarin ya yi kyau. Sannan ya zaro ƙaramar wayarsa mai madannai daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To 'yata, manomin da ke ƙauye da irin wannan wayar, ta ina zai ga farashin yau?"

Na ce ban gane ba. Sai ya yi mini bayani a hankali. Dillalan da yake turawa kasuwannin ƙauye suna faɗa wa manoma farashin da bai kai wanda ya yanke ba, sunansa kuma shi ke ɓaci. Akwai gidajen da tun zamanin mahaifinsa suke kawo musu hatsi, yanzu sun koma wajen wasu. Abin da yake so shi ne kowace safiya farashi ya fita daga bakinsa ya isa wayar manomi, ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Wani ne ya ce masa da shafi ake yin haka, shi ya sa ya ce shafi. Ina sauraronsa na gane aikin saƙon waya ne, wanda da na tambaya ranar farko da bai wuce mako ɗaya ba. Ɗansa ya sunkuyar da kai. Shi ma ashe bai taɓa tambayar mahaifin nasa ba.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya sa aka kai ni tasha. Na ce zan iya haɗa masa saƙonnin cikin kwanaki, ya ce in bari tukuna, kakar bana ai ta wuce. Bai sake nemana ba, shafin kuma ba a taɓa buɗe shi ba. Abin da ya faɗa wa mahaifina kawai shi ne yarinya ta yi ƙoƙari. Daga nan ziyararsu ta ja baya, har ta zama sai wajen biki ko ta'aziyya. Mahaifina bai taɓa tayar mini da maganar ba har yau. Shagona kuwa sai da na rufe shi wata huɗu kafin in sake tara masu kawo aiki.

Yanzu ba na taɓa aikin kowa sai mun zauna na tambaye shi abin da ke damunsa a harkarsa, ba sunan abin da yake so in gina ba. Sannan mu cika takarda guda: abin da zan yi, abin da ba zan yi ba, gyara sau nawa, ranar gamawa, da mutum ɗaya tak da zai ce ya yi ko bai yi ba. Duk abin da ya taso daga baya sabon aiki ne, da tasa takardar. Kawuna ya taɓa jin haushi da na miƙa masa ita, ya ce yanzu har shi sai da sa hannu. Na ba shi haƙuri, amma ban janye ba, kuma aikinsa ya ƙare lafiya.

Ga masu zane da masu gina shafuka, musamman masu tasowa, kada ku karɓi aiki da kalma ɗaya, ko da daga bakin wanda kuke jin nauyinsa ne. Su ne ma suka fi cancanta a tambaya da kyau, domin in aiki ya lalace tsakaninku da baƙo, aiki kawai kuka rasa. Ni na ji kunyar tambaya ta minti goma, mahaifina ya biya da abotar shekara talatin.