Ciwon Yana Hagu, Muna Ɗaure Dama

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya rubuto wannan. Don Allah a sakaya sunana.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun likita. Ni mutum ne marar magana, irin ɗalibin da zai zauna a bayan aji, ya san amsa, amma ya bar wani ya faɗa. A zangon muna karatun ƙwaƙwalwa, kuma ina da littafin zane da na cika da jan biro da shuɗi. Ja na jijiyoyin da ke sauko da umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, shuɗi na masu hawa da saƙon zafi da sanyi da taɓawa. Jijiyoyin motsi idan sun sauko daidai inda kai ya haɗu da wuya sai su gitta, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu, sannan su bi laka zuwa hannu da ƙafa. Masu hawan ma sai sun tsallaka ɗaya ɓarin kafin su isa sama. Wato ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da hannun dama. Ko daga barci aka tashe ni zan iya zana wannan.

Na dawo gida Birnin Gwari hutu, na tarar Baba ya faɗi da babur a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Tsohon Birnin Gwari. Kansa ya bugu da ƙasa ta hagu, saman kunne. Ya tashi ya kaɗe riga, har yana raha wai kansa ya fi hanyar tauri. Aka shafa man zafi a ɗan kumburin, aka manta. Bayan kamar mako biyu ya fara kukan ciwon kai. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Washegari na ga silifas ɗinsa na dama ya cire a ƙofar masallaci, ya yi taku uku bai ji ba. Idan yana jan carbi sai ya tsaya yana kallon yatsunsa, don ba ya jin ƙwayoyin sosai. Ranar da ya nuna buta ya ce a miƙo masa kujera, sai na gane abin da ke faruwa. Na san jini ne ke taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa, yana danne ƙwaƙwalwa ta hagu.

Na sani, amma sai na koma ɗaki na buɗe littafi. Na karanta, na sake karantawa. Na sami takarda na riƙa rubuta duk alamar da na gani da ranar da na gan ta. Kullum ina ce wa kaina in ƙara kwana ɗaya in tabbata, tunda ban taɓa duba marar lafiya mai rai ba. Ga shi ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ma zama mu yi doguwar magana, idan na shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. Tsakanina da Baba gaisuwa ce da to. Sai na tafi wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe ni ina ƙarami, kuma ita ake jin maganarta a gidan.

Na durƙusa na yi mata bayani murya ƙasa ƙasa. Ta saurara, sannan ta ce in ɗaga mata hannuna na dama ta gani, ko boko ya sa na manta shi. Ta ce mutum ya faɗi ya dogara da hannu, hannun ya yi targaɗe, ni kuma ina lalube a kai, kan ma ta wancan gefen. Ta kira ni likitan gawa, ta ce mu da muka saba yanka matattu ina muka san ciwon masu rai. Kawu, ƙanen Baba, yana gefe yana dariya, ya ce in haka ne ashe an haɗa wayar kan mutum a karkace kamar aikin sabon mai gyaran lantarki. Edita, ni ma dariyar na yi. Na ce to, na tashi.

Aka kira maɗori. Dattijon ya laluba hannun tun daga kafaɗa har yatsu, ya ce shi fa bai ji karaya ko gocewa ba, a bincika wani wurin. Gwaggo ta ce ya ɗaure dai. Ni na riƙe gwiwar hannun Baba aka jera kara aka naɗe da tsumma. Takardata tana aljihuna, kuma maɗorin ma ya buɗe mini ƙofa, amma ban fito da ita ba.

Kwana tara aka yi a haka. Barcin Baba ya yi ta ƙaruwa, har ranar da aka kasa tashinsa sallar azahar, ga amai. A asibitin garinmu wani ma'aikacin lafiya ya haska idonsa, ya tambaya ko ya bugu a kai, kuma ta wane gefe. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya dubi ranakun, ya tambayi wanda ya rubuta. Da na ce ni ne, sai ya tambaye ni a hankali, me nake jira. Aka tura mu Kaduna, amma hanyar dajin ba a shigarta sai da rakiyar jami'an tsaro, muka ƙara kwana. Hoton kai ya nuna jinin daidai inda na zata. Aka huda ƙoƙon aka zuƙe shi. Likitan ya ce Allah ne masani, amma masu irin wannan idan an zo da wuri yawanci sukan tashi garau.

Baba ya rayu, alhamdu lillahi. Magana ta dawo, ƙafar yana ja, yatsun kuwa ba su dawo ba. Da hagu yake cin abinci, in akwai baƙo sai ya ce ya ƙoshi. Babu wanda ya ga laifina. Gwaggo ma gaya wa mutane take yi ni na gano ciwon, wannan kuwa ya fi zagi nauyi a wurina. Na ci jarrabawar ƙwaƙwalwa da maki mai kyau, ban gaya wa kowa ba.

Na koyi cewa ladabin da zai hana ka buɗe baki alhali ran mutum na cikin haɗari ba ladabi ba ne, tsoron a yi maka dariya ne. Jama'a, duk wanda ya bugu a kai, musamman dattijo, ko da ya tashi yana raha, a sa masa ido na makonni. In hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko magana ta harɗe, ko barci ya yi yawa, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaurin gaɓar da ke kuka. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai masu shiru, abin da kuka sani ku faɗa, in an ƙi ji ku sake faɗa da ƙarfi. Ni na jira in tabbata, na kuwa tabbata. Ga Baba can a gona yana koyon riƙe fartanya da hagu, kunya biyu yake nomewa ya zauna ya huta.