Ƙulli Bakwai a Bakin Mayafi

Duk ranar Talata Malama nas take zuwa rugarmu da ke bayan duwatsun Roni. Tun daga nesa nake gane ta, don babur ɗinta sai ya yi tari sau biyu kafin ya tsaya. Takan rataye ma'aunin jarirai a reshen tsamiya, ta cire takalmi ta durƙusa ta gaida manya, sannan ta buɗe akwatin magani. Aikinta duba yara ne kawai. Ta san mai tsoron allura, ta san mai cizo.

A hutun damina, ina aji ɗaya na sakandare, ɗan Addata, wato yayata, ya kamu da gudawa. Watansa takwas, kuma shi ne na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a ga damuwarsa a fuskarta. Yawanci yana hannun Goggo, ƙanwar babanmu, wadda ita ce surukar Adda.

Malama ta ɗan ja fatar cikinsa, ta leƙa idonsa.

"Sau nawa ya yi tun safe?"

"Ai haƙori ne," in ji Goggo. "Bai fi biyu ba. Mijin nan nawa raki gare shi, da ganin farin kaya ya langaɓe."

Malama ta juya wurin Adda. "Ke fa, uwar ɗaki?"

Adda ta sunkuyar da kai. "Ban lura ba."

Ni na san ta lura. Tun hantsi nake ganin duk sa'ad da aka sauya masa tsumma, sai ta juya baya ta ƙulla bakin mayafinta. Na ji tsoro kada Malama ta tafi da maganar Goggo, ga yaro ko kuka ba ya iyawa. Amma ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Na matsa kamar zan gyara mata jaka, na ce da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Malama, mayafinta."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta miƙa hannu ta kama bakin mayafin. "Kai, wannan ya yi kyau! A kasuwar Gwiwa kika samo?" Tana yaba kalarsa, yatsunta suna bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Bakwai.

Nan take ta fasa wucewa rugar gaba. Ta sa aka tafasa ruwa, ya huce, ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta zauna tana ba shi cokali-cokali. Can ta yarfe hannu, ta dubi Adda.

"Wash, na gaji. Zo ki taimaki Goggo, ki riƙe mata mijinta. Aikin asibiti ne, ni na sa ki."

Goggo ta yi dariya ta kau da kai. Adda ta karɓe shi a gaban kowa, ta ɗora a cinya. Kafin la'asar ya buɗe ido, ya cafke awarwaronta yana son kaiwa baki.

Da Talata ta zagayo, aka sa shi a ma'auni yana ta wutsil-wutsil, har ya yi wa Malama fitsari a riga.

"Ka ga butulu!" in ji ta. "Goggo, sake shi, za ki samu wani."

Mayafin Adda yana shanye a kan danga, babu ƙulli ko ɗaya. Malama ta miƙo mini ma'aunin, ta ce in karanta mata lambar, da ƙarfi. Na karanta.