Baba Mai Faci da Tsakuwar Aljihunsa

Kullum da sassafe Baba Mai Faci yake ɗage ƙofar shagonsa. Ya share gaba, ya cika bahon gwada tif da ruwa, ya rataye tayoyi a ƙusa, sirara a sama, masu kauri a ƙasa. Haka muka san shi tun gashinmu yana baƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don yatsunsa sun daina ji.

’Yan tseren keke sun san halinsa. Ba ya ɗaura wa kowa taya sai ya taka hanyar tseren da ƙafarsa. Yakan dawo da aljihu cike da tsakuwa, ya zube a kan benci, ya dinga murza ta a jikin roba. Sannan ya zaɓa.

Bara aka shirya tseren da wata ƙungiyar ’yan keke za ta ɗebi mahaya daga waɗanda suka iso a sahun gaba. Rabin hanyar kwalta, saura burji da tsakuwa. Akwai wani mahayi da ake kira Tsinke saboda ramarsa. Shekarunsa sun kai iyakar da ƙungiyar ke ɗauka. In bai shiga ba a wannan karon, ya yi wa matarsa alkawarin rataye keken har abada.

Ya zo shagon Baba yana nuna taya ta sama.

“Baba, siririyar nan nake so. Ka bugo mata iska ta yi tauri kamar dutse.”

“Tsere za ka, ko asibiti?”

“Haba Baba, a kwalta ake cin tsere!”

Baba ya tura masa tsakuwa ɗaya. “Taɓa. Sabuwar fasa ce, an zuba bayan gada. Bakinta kamar reza. Siririyarka ko sallama ba za ta yi maka ba.”

Ya sauko da mai faɗi, mai ƙananan haƙora a gefe, ya ɗaura. Ya bugo iska, ya rage. Ya danna da babban yatsa. Yatsan bai gaya masa komai ba. Bai ɓoye ba. Ya kamo hannun Tsinke ya ɗora a kai.

“Nawa ya mutu, ɗana. Danna. Me ka ji?”

“Tana ɗan lotsawa.”

“Kamar kumatu ko kamar damtse?”

“Damtse.”

“To bar ta haka. Riƙe wannan a yatsanka.”

Ranar tsere, a kan kwalta aka bar Tsinke baya. Wani ya waiwayo yana ihu, “Mai tayar baro, a gaida gida!” Tsinke ya ci gaba da murza feda. Da aka wuce gada, labari ya sauya. Wannan tayarsa ta fashe, wancan ta zame da shi a kwana. Tsinke ya ratsa tsakiyarsu, keken na riƙe da hanya kamar an manna shi. Bai zo na ɗaya ba. Amma ya iso a sahun gaba, aka ɗauke shi.

Ya nemi Baba a wurin ƙarewa bai gan shi ba. Tsohon yana can bayan gada da famfo da tif, durƙushe cikin ƙura, yana ta da waɗanda suka faɗi. Har da mai ihun baro.

Kai ne, Baba, da ba ka taɓa hawa dandamali an tafa maka ba. Kai ne mai taka hanya kafin ’ya’yan mutane su taka. Ba ka yi wa mahayi ƙarya don ya ji daɗi ba, ba ka yi wa kanka ƙarya ba ranar da hannu ya gaza. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku masu sana’a, ku je ku ga inda aikinku zai taka kafin ku sallami mai shi.

Jiya na ga matar Tsinke a bakin shagon, riƙe da wandon mijinta, tana kai ƙara.

“Baba, dubi aikinka! Duk aljihunsa ya yage da tsakuwa.”

Baba ya duba, ya gyaɗa kai.

“Ɗinke masa da zare biyu, ’yata. Yanzu ya fara.”