Takabata da wasan da maigidana bai ƙarasa ba

Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke daga gidanmu. Uwata ta koma Damagaram saboda jikin babana, dangin mijina kowa ya kama harkar gabansa, tabarmin da aka aro a masallacin unguwa aka naɗe aka mayar. Aka bar ni da sauran watannin takaba, da gwaggon marigayi, wata tsohuwa mutuniyar Dabaga da aka ɗauko ta zauna da ni.

Ni ba ƴar Agadas ba ce. Aiki ya kawo ni, ina koyar da Faransanci a kwaleji, a nan kuma na haɗu da mijina. Yana da ɗan shago kusa da kasuwa inda yake gyaran salula da ordinater, wato kwamfuta. Aurenmu bai daɗe ba, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ciwon ciki ya kama shi a farkon mako, aka kai shi likita, kafin Juma'a an yi masa sutura.

Gidan na ƙasa ne, a tsohon gari, katangarsa ta fi ni tsawo nesa. In na tsaya kusa da randa ina hango kan hasumiyar babban masallaci da itacen da ke tsire a jikinta, iyakar abin da nake gani na garin ke nan. Sauran sai dai ji: ƙarar kabu-kabu a lungu, masu tallan cuku, hayaniyar ƴan lakwal idan an tashi daga karatu. Ba kwalli, ba turare, zane biyu nake juyawa. Lokacin bazara ne, bango yana riƙe zafi har bayan magariba. Gwaggo ba mai yawan magana ba ce, Hausarta ma rabi Buzanci ce. Ta kan zauna a inuwa tana saƙar tabarma da kaba, ta dafa shayi, bayan azahar ta yi barci da mayafi a fuska. Ina karatun Alƙur'ani da safe, in yi shara, in dafa abin da ba na jin ci. Daga nan yinin ya tsaya cik.

Wata rana ƙanen mijina ya rufe shagon, ya kawo kayan ciki a kwali ya ajiye a zaure. A ciki akwai ordinater ɗin marigayi, tsohuwa, an ɗaure murfinta da salatif. Na buɗe ta ne don neman hotuna. Ban samu da yawa ba, shi ba mai son hoto ba ne. Amma a gefen allon na ga wani ɗan zane na taga mai ƙarfe, na danna. Allon ya yi baƙi, sai ga kukan iska da ƙararrawa can nesa, da layi biyu: Continuer, Nouvelle partie, wato ci gaba, ko sabon wasa.

Wasa ne. Ban taɓa sanin yana wasa ba. Shi da ke yi wa samarin kasuwa dariya in ya ga sun duƙufa a kan ƙwallon salula. Na daɗe ina kallon layin farko, domin ma'anarsa ya fara abin bai gama ba. Shi na danna.

Na tsinci kaina a wani ɗakin girki na dutse, an zana shi da hannu kamar da gawayi. Babu gudu, babu harbi. Ƴar kibiya ce kake jan ta a kan hoto, in ka danna tukunya ko ƙofa sai rubutu ya fito a ƙasa ya gaya maka abin da ka gani. Faransancin karkatacce ne, da gani wanda ya fassara ba harshensa ba ne, har hannuna yana ƙaiƙayin jan bik, alƙalamin da nake gyara wa ɗalibai rubutu da shi. A ƙasan allon an jera abubuwan da mai wasa ya tsinta ya riƙe: cokalin itace, guntun kyandir, ƙullin zare. Mijina ne ya tsince su. A wane ɗaki, don me, ban sani ba. Ranar ban yi komi ba, na kalli kayan nan uku na rufe.

Washegari na koma. Tunda daga tsakiya na shiga, sai na riƙa bin ɗakunan da baya ina haɗa labarin. Gida ne a kan tsauni, na matan Nasara masu keɓe kansu don ibada, irin waɗanda muke kira ma sœur. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ta sa aka toshe ƙofar ɗakinta da duwatsu tun tana budurwa, aka bar mata ƴar taga ta miƙa abinci. Yanzu kwano yana dawowa yadda aka miƙa shi, ba a taɓa ba. Sauran matan sun yi alkawarin shiru, ba mai ce maka komi. Mai wasa kuwa baƙuwa ce da aka aiko ta gano abin da ya faru.

Wasan gajere ne, na san da wani ne da ya gama shi a zama ɗaya. Amma batirin ordinater ɗin ya mutu, in aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai ta mutu tare da shi, a bazara kuwa kuran ɗin Agadas baƙo ne. Ni ma ba na sauri. In na buɗe ƙofa ɗaya sai in tsaya, in bar ta gaba sai gobe.

Gwaggo ta yi kwanaki tana kallona ta wutsiyar ido. Ran nan ta ajiye kabarta ta ce, "Ɗiyata, wannan ƙararrawar ta mece ce? Filim kike kallo cikin takaba?"

Na ce, "Ba filim ba ne, Gwaggo. Wasa ne. Na ɗanki ne, shi ya fara."

 Can ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, ta ƙanƙance ido. Na nuna mata tagar, na ba ta labarin.

"Halwa ta shiga ke nan," in ji ta.

"Kamar haka."

"Mace?"

"Mace."

"To ina danginta?"

Na ce wasan bai faɗa ba. Ta yi tsaki, amma ba ta tashi ba. Daga ranar, in kuran ya dawo fanka ta fara juyawa, sai in ji ta ce, "An kawo. Je ki duba matar nan." Ba ta iya karatu ba, ni ke fassara mata. Shawararta ɗaya ce kullum, a nemo gatari a fasa bangon. Na ce babu gatari a wasan. Ta ce gidan da babu gatari ai ba gida ba ne.

A wannan zaman ne ta ba ni labarin babanta. Malami ne, ya taɓa shiga halwa a wani ɗan masallacin duwatsu cikin tsauni, arewa da garinsu. Tana yarinya, ita ke kai masa dabino da nonon akuya. Ta ajiye a kan wani falalen dutse ta juya, an hana ta magana, an hana ta leƙe. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne tana jin tarinsa a ciki, ta san yana jin tafiyarta, amma ko sunanta bai kira ba.

Na ce, "Da ya fito, me ya samu?"

"Wa ya sani? Tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mu dai tarin muka gani ya dawo da shi."

Shi ne karo na farko da na yi dariya tun rasuwar. Ita ba ta yi ba, ta ci gaba da saƙa.

Da damina ta kusa aka kira daga Dabaga, jikarta na naƙuda mai wuya. Ta ɗaure kayanta a zane, ta ce kwana kaɗan za ta yi. A bakin zaure ta waiwayo ta ce, "Kar ki buɗe ɗakin matar nan sai na dawo." Na ce to.

Ba ta dawo ba. Ruwa ya sauka a tsauni, kori, wato rafin da ke kawo ruwa da damina, ya cika ya yanke hanya, da hanya ta buɗe kuma mai jego ba ta da lafiya, ba mai kula da jaririn sai ita. Dangin mijina suka ce za a nemo wata, ba a nemo ba. Uwata na kira a salula, muryarta na yankewa, kullum tambayarta ko ina cin abinci. Maƙwabciyata, matar wani maƙerin azurfa, ta kan miƙo mini kwanon tuwo ta kan katanga, hannunta kawai nake gani da awarwaro. Na lura da kamar da ke tsakanin wannan da abin da ke cikin ordinater, ban kuwa ji daɗin kamar ba.

Waɗannan makonni su ne mafi nauyi. Akwai ranar da na wuni ban furta kalma ba sai a salla. Na kan zauna a inda Gwaggo ke zama, tabarmarta da ba ta gama ba tana jingine da bango, kabar ta bushe ta fara karyewa. Ban taɓa wasan ba, na riƙe alkawari har na gane ba za ta zo ba kafin in fita.

Wata la'asar bayan an yi yayyafi, gari ya yi sanyi, na kunna. Abin da ya rage ba shi da yawa. Na kunna kyandir ɗin da mijina ya tsinta na bi wani lungu mai duhu, na fita bayan lambu. A can akwai sabon kabari. Na matar da ta shekara da shekaru tana kai abinci tagar ne. Ta mutu, kuma saboda alkawarin shiru ba wanda ya gaya wa ta ciki. Ita dai ta ga hannun da ke miƙo kwano ya canza, sai ta daina cin abincin. Babu kisa, babu aljani, babu dukiyar da aka ɓoye. Na koma ɗakin girki na ɗauki ƴar kujera, na ajiye a ƙarƙashin tagar, na zauna. Wasan ya ba ni zaɓi, in yi shiru ko in faɗa mata. Na faɗa. Aka daɗe ba komi sai iska. Sannan rubutu ya fito daga ciki, layi ɗaya, tana tambaya ko marigayiyar ta sha wuya kafin ta mutu. Allon ya yi baƙi, sunan mutum ɗaya ya fito, wanda ya yi zanen da labarin da sautin duka shi kaɗai.

Da aka dawo shafin farko, layin Continuer ba ya nan. Na kashe na kunna, ba ya nan. Cokalin, kyandir ɗin, zaren da ban ma gano amfaninsa ba, duk sun tafi. Ban yi tsammanin haka ba. A ranar na yi kukan da ban yi ba lokacin da gida ke cike da mutane, har maƙwabciyata ta kira ni ta bayan katanga tana cewa, "Madam, lafiya? Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Na fita takaba, aka yi sadakar waina, na yi wanka na sa sabon zane. Ƙafata ta manta da tafiya, daga gida zuwa kwaleji sai da na huta a inuwar wani shago. Ƴan ajina suka miƙe suka gaishe ni a hankali kamar mai ciwo. Da aka raba gado, ordinater ta faɗa rabon ƙanen mijina, ya goge komi ya sa kayan aikinsa. Gidan ma aka sayar, na kama ɗaki biyu a sabuwar unguwa.

Sai da hutun ƙarshen shekara ya zo na shiga motar Dabaga. Na samu Gwaggo a garka, cikin albasa, da jaririn goye. Ta rame. Muka gaisa, ta yi mini ya haƙuri, ta dafa shayi. Na jira ta tambaya, ba ta tambaya ba, sai na ce, "Gwaggo, na buɗe ɗakin nan."

"Wane ɗaki?"

"Na matar da ke halwa."

Ta ɗan yi tunani kafin ta tuna. Na ba ta labarin ƙarshen, tana jijjiga yaron.

"To ta ci abincin?"

"Ba a nuna ba."

"Duk wannan wahalar ba a nuna ba?" Ta girgiza kai. "Ai da sun gaya mata tun farko." Daga nan ta koma zancen tsutsar da ta shiga tumatir.

Ta so in kwana, na ce motar yamma zan bi. Ta sa aka cika mini buhu da albasa da dankali, duk da na ce ni kaɗai ce a gida. Direba ya ɗora buhun a saman mota, na zauna a baya tsakanin wasu mata biyu masu zuwa biki, suna ta hirarsu da Buzanci har muka shigo gari. Albasar ta fi ƙarfina, washegari na zuba a faranti na bi gidajen sababbin maƙwabtana ina sallama, waɗanda har lokacin ban san fuskokinsu ba.