Adakar Tanko da Injin Gidan Abu Fahad

Iya Dije, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya wanke kwanonsa. Da an idar da isha'i takan jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura kara a wuta, ta zuba mana gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ni ne sarkin surutun gidan, don haka da ni take farawa. "Maigidana, ara mini bakinka, in na gama in mayar maka."

Wadda ta fi yawan maimaitawa ita ce ta Tanko maharbi. Maharban garinsu kowa adakarsa ɗaya, wato bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki. Mutum zai zauna shiru, ya auna albarushi, ya ɗura, ya danna, ya duba. Tanko ya ce wannan aikin tsofaffi ne. Ya sayi adaka biyu, ya ɗora su a cinya a bakin kasuwa, yana ɗuri yana ba jama'a labarin zakin da ya taɓa kora da tari kawai. Garin surutu ya zuba wa ɗaya albarushi sau biyu, ɗayar kuwa ko ƙwaya ba ta samu ba.

A dawa ya yi kiciɓis da ɓauna. Ya saita ta farko, ta ce ƙyas. Nan Iya takan karkace wuya ta zuba mini ido, wai haka ɓaunar ta dube shi. Ya ɗauki ta biyu ya danna. Da hayaƙi ya washe sai ga Tanko a kan tsamiya, babu gemu, wandonsa na lilo a wani reshe daban. Ɓauna ta matso gindin bishiyar ta ce, "Sannu Malam Tanko, ko in kira maka mutanen gida?" Mukan yi dariya har gyaɗa ta ƙone. Iya ta kakkaɓe zane ta ce tata ƙaryar ta ƙare, mai saura ya ajiye ta gobe.

Shekara ashirin da wani abu bayan haka ina Riyad, ina tuƙa wani dattijo Abu Fahad a unguwar Al-Naseem. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take. Mutumin kirki ne, amma ba ya haɗa hanya da maƙaryaci. Direban da na gada, a kan ƙaryar canjin baƙin mai ya koma ƙasarsu. Ni kuwa tun watan farko, da na ga yana son farauta, bakina ya ja ni na ce masa kakana sarkin baka ne, a cikin albarushi na tashi. Allah ya jiƙan kakana, tela ne, abu mafi kaifi da ya taɓa riƙewa almakashi.

Saura mako biyu iƙamata ta ƙare, Fahad, babban ɗansa, ya dawo daga karatu a Amurka da sabon sha'awa. Wai can mafarauta ba sa zubar da kwanson harsashi, inji suke saya su sake cika shi da kansu. Shi yana son babban injin da ke aiki a kan kwanso da yawa lokaci guda. Uban bai yarda ba, ya ce a kira masani. Masanin kuwa ni ne, ina tsakar wanke mota.

Na shiga falo. Aka miƙo mini waya da hotuna biyu. Ɗaya inji ne mai kawuna da bututu kamar na masaƙa. Ɗayan ƙarfe ne ɗan dunƙule mai hannu guda, kwanso ɗaya yake ɗauka, sai ka gama mataki ɗaya ka koma na gaba. Wallahi da an ce mini na matse lemo ne da na yarda. Na ɗaga kai don in nemi dabara, sai na ga Fahad da wata wayar a kunne, yana yi mini bayani, yana amsa wa abokinsa, yana zuba sukari a shayin da ya riga ya zuba wa sukari. Take na ga Tanko zaune cikin farar jallabiya.

Na ɗora yatsa a kan mai hannu gudan. Na ce wannan, domin mutum zai ga kowane kwanso da idonsa kafin ya wuce. Aka ce in kawo dalili. Ba ni da ilimin ko sisi, sai na kwashe tatsuniyar Iya da gurguwar Larabcina, har da karkace wuyan ɓauna. Dattijon ya yi dariya har ya share hawaye da gefen gyalen kansa. Fahad ya kurɓi shayinsa, ya yamutsa fuska, ya ajiye wayar.

Da zan fita Abu Fahad ya tsayar da ni. "Ya Usman, ranar da muka je sahara ka ga damo ka kulle kanka a mota, na san kakanka bai taɓa harbin ko kurciya ba." Na gaya masa gaskiyar almakashi. Ya ce, "Kakarka ce maharbiyar gidanku. Kawo fasfo gobe a sabunta maka iƙama."

Injin dai har na bar gidan ban ga ya iso ba, ana ta jiran takardar izini. Amma a ranar na gane abin da ya shige mini duhu tun ina yaro. Mu bakwai ne a bakin murhun nan, ni kaɗai ɓaunar take kallo. Iya ta rasu ina can, ban samu jana'izarta ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Tun ina ɗan shekara shida take roƙon in ara mata bakina, ban ba ta ba sai da ya kusa ɗora ni a kan tsamiya.