Minti Uku na Kawu Labo

Kawuna Labo baduku ne, shi ke ɗinka gugan fata da ake jan ruwa da shi. Amma a ƙauyenmu, arewa da Cadawa, ba da allura aka san shi ba, da baki ne. In za a nemi aure, Labo za a tura. In shanun makiyaya sun shiga gona, Labo za a kira. Yana iya gaishe ka tun daga kakanka har akuyar da ta haihu a gidanka jiya, kafin ya iso ga abin da ya kawo shi jikinka ya yi sanyi, ka riga ka yarda. A wurinsa, wanda ya faɗi buƙata kafin ya gama gaisuwa bai samu tarbiyya ba.

Shekara biyar bayan samun mulkin kai aka shiga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa. Ni lokacin ina amarya. Maigari Mudi yana da akwatin rediyo ɗaya tal a garin, kullum bayan la'asar a fito da shi gindin gawo, maza gaba, mu mata daga bayan danga. Labarin kullum iri ɗaya ne: yau ɗan takara ya sauka gari kaza, an buga kalangu, mata sun yi guɗa. Ɗan takarar ɗaya ne, ba shi da abokin karawa, amma mai karanta labarai har numfashinsa na sama sama kamar mai ba da labarin kokawa. Muna jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Sai dai ban taɓa ji an ce garin da aka sauka suna da ruwan sha ko ba su da shi ba.

Mu dai ba mu da shi. Rijiyarmu ta rufta damina biyu da suka wuce. An kai kuka buro, ofishin hukuma, sau uku, shiru. Tun asuba muke fita da tulu zuwa rijiyar makiyaya, sai rana ta take muke dawowa. Inna Tani, matar Kawu, da furfurarta take wannan tafiya.

Ran nan sai ga mota. Wani saurayi ɗan boko ya sauko, ana ce masa Mushe Harouna, ma'aikacin rediyo, da mashin a rataye mai faifai biyu masu juya zaren ɗaukar murya. Ya ce yana zagaya ƙauyuka ne yana ɗaukar muryar talakawa kan zaɓe, kuma za a sa a Yamai, manya su ji. Gari ya ruɗe. Wasu suka ruga gida canza riga, don kada a ji su a rediyo da tsumma.

"Zarena ya kusa ƙarewa," in ji Harouna. "Minti uku ya rage. Mutum guda za shi magana."

Ba wanda ya tambayi ko mene ne minti. Ba a kuma yi shawarar wanda zai yi maganar ba, kowa ya juya ya dubi Labo. Inna Tani ta ratso ta tsaya kusa da shi.

"Malam, rijiya. Ka hwaɗa masu rijiya."

"Tani, yau ni hwara magana?" Ya gyara rawani.

Faifai suka fara juyawa. Kawu ya yi sallama, ya gaida shugaba da iyalinsa da gajiyar hanya. Ya gaida sarakuna, ya gangaro kan Maigari Mudi, liman, sarkin noma, sarkin aska. Ya bi gari gida gida. Harouna ya shiga kaɗa masa hannu, Kawu ya ɗauka yabo ne, sai ya gaida Harouna da mahaifansa. Daga nan ya shiga zancen rijiya. Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗi irin ta ranar ba. Ya faɗi nisan hanya, ya faɗi mai ciki da ta faɗi da tulu, har wasunmu suka share hawaye. Na ga faifan sun daina juyawa, na ce a raina ko hutawa suke. Harouna kuwa ya ci gaba da riƙe abin magana a bakin Kawu, kansa a sunkuye, don ɗan mutunci ba ya katse dattijo. Da Kawu ya gama, Harouna ya shiga mota ya tafi.

Ranar Juma'ar da za a sa muryar, har daga ƙauyukan maƙwabta aka zo. Maigari ya sa wa rediyon sababbin pil, wato batir. Da muryar Kawu ta fito daga akwatin, wata tsohuwa ta leƙa bayan akwatin, ta dubi Labo da ke zaune, ta koma ta dubi akwatin. Duk wanda aka kira sunansa sai ya miƙe ya amsa da ƙarfi, "Lahiya lau!" Sarkin aska ya yi ta tsalle. Ni ma da aka kira gidanmu na rangaɗa guɗa har maƙogwarona ya yi zafi.

Muryar ta ce, "To, abin da ke tahe da mu..." Sai goge ya fara kiɗa.

Maza suka ci gaba da tafi, ana kama hannun Kawu. Shi kuwa ya kafa kunne ga akwatin, yana jira. Gogen ya ƙare, mai labarai ya ce jama'ar ƙauyenmu suna cikin farin ciki, suna gaida shugaba. Bayan danga, Inna Tani ta tashi ta kakkaɓe zanenta.

"Ka gaida kowa, Malam. Sun ji."

Washegari da asuba muka tarar da Kawu a bakin gari, ya ɗaura wa jaki tuluna huɗu. Dattijo mai rawani a tsakiyar mata, maza na leƙe suna dariya. Inna Tani ta miƙa hannu za ta karɓi igiyar jakin, ya hana.

"Koma gida. Ni na cinye zaren, ni ka ɗibar ruwan."

Shekara huɗu ya yi yana wannan tafiya tare da mu, har aka haƙa mana rijiyar siminti. Inna Tani ba ta sha ruwanta ba, ta rasu saura wata biyu a gama.