Kibiya da Ɗigo Biyu

Duk wanda ya san ƙanena Malam Idi ya san tambayarsa: "Wane iri?" Ka ce ka sayo wake a Gwarzo, zai ce fari ko ja? Ranar da aka yi masa albishir da jika ma sai da ya tambaya kafin ya yi hamdala.

Da ya yi ritaya daga koyarwa sai ya faɗa wa kwamfuta. Shi ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman Madadi shafi a intanet. Amma duk shafin bai dame shi ba kamar wani ɗan tambari da ke maƙale can sama, bai kai ƙwayar wake ba. Wata uku yana kansa.

Na ce, "Idi, me kake ta rubutawa haka?"

"Yaya, akwai wata manhaja kamar mai gadi a ƙofar shafin, mai gadin ne ke miƙa wa kowane baƙo tambari. Ƙa'ida nake rubuta masa: nan suna za a ba shi, nan lamba. Aka ba shi suna a gurbin lamba, ba zai karɓa ba."

Na ce, "Lallai kai ka haife shi." A aji huɗu na tsaya, amma ina gane taurin kai in na gan shi.

Da na sa tabarau na duba tambarin, sai ga kibiya da ɗigo biyu. Shaidar da mahaifinmu ke yi wa shanunsa ce, shanun da ko ɗan maraƙi bai rage ba.

Kwamiti ya ce a cire, a sa hoton masara. Shugabanmu Alhaji Sule ya ce, "Malam, ƙungiyar manoma ce, ba rugarku ba."

"Wace irin masara, Alhaji?"

Aka yi masa ca. Ya sa musu masararsu.

Washegari kowa ya buɗe wayarsa, kibiya na nan daram. Ashe tun farko ya umarci mai gadin nan: duk wayar da ta karɓi tambari ta riƙe shi shekara guda kafin ta nemi sabo.

"Ni dai na canza, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wayoyinku ne suka ƙi."

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Yanzu saura wata biyu masara ta fito a tawa wayar. 'Yata ta ce in kawo wayar ta share tarkacen ciki, wai ta yi nauyi. Ni kuwa na san in ta share, har da kibiyar za ta tafi. Na ce ta bar mini nauyina.

Idi, kai da ka ishi mutane da tambaya, Allah Ya sauƙaƙa maka ta kabari, Ya haɗa ka da mai shanun a Aljanna. Amin.